Me Ya Kashe Wance? Darasi Daga Rayuwar Wani Likitan Asyut



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda yake suranta mu a cikin mahaifun iyayenmu yadda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, yau zan taɓo wata magana da yawancinmu muke kewaye ta kamar yadda ake kewaye rijiya da dare. Na daɗe ina ɗage wannan rubutu, domin na san akwai waɗanda da zarar sun ga "tazarar haihuwa" za su yanke mini hukunci tun kafin su ji inda na dosa. Roƙona shi ne a daure a karanta har ƙarshe. In an ga kuskure a gyara mini, domin ni ɗalibi ne, ba malami ba, ba kuma likita ba.

Wani zaman makoki ne ya tilasta ni. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce ta rasu wajen haihuwa ta tara, ba ta cika shekara 40 ba. Jini ne ya ɓalle mata bayan ta sauka. Kafin a sami mota, kafin a sami mai ba da jini, rai ya yi halinsa. Ta bar jaririya a zanen goyo, da wani yaro da bai gama koyon tafiya ba. Ranar uku muna zaune kan tabarma a ƙofar gida, sai kawunmu ya ce, cikin sanyin murya, tun haihuwar da ta gabata ma'aikaciyar asibiti ta gargaɗe su cewa jikinta yana bukatar hutu. Bai rufe baki ba wani saurayi, mai karatun boko da na addini daidai gwargwado, ya ce: "Kawu, ai wannan duk makircin Turawa ne na rage yawan Musulmi. Kwananta ne ya ƙare." Kowa ya yi shiru. Ni ma na yi shiru. Aka yi addu'a, aka watse.

Wannan shirun nawa shi ya dame ni. Kwananta ya ƙare, babu Musulmin da zai ja da wannan. To amma imani da ƙaddara ya hana mu tambayar sababi ne? A wajen neman amsa na ci karo da tarihin wani likita Musulmi ɗan ƙasar Masar, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana yin tambayar da muka kasa yi a kan tabarmar nan.

Wane ne Mahmud Fathalla?

An haifi Farfesa Mahmud Fathalla a Masar a shekarar 1935. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Alƙahira a 1957, ya ƙware a fannin haihuwa da cututtukan mata, sannan ya sami digirin dakta a Jami'ar Edinbura ta Birtaniya a 1967. Mai irin waɗannan takardu a wancan zamani, da ya ga dama da ya buɗe asibitin kuɗi a babban birni ya tara abin duniya. Shi kuwa a Asyut ya kafa sansaninsa, birnin da ke kudancin Masar, yankin da ya fi sauran ƙasar talauci da ƙarancin asibitoci. Sunan garin ba baƙo ba ne a kunnenmu, domin zuwa gare shi ake danganta Imam Jalaluddin Suyuɗi, ɗaya daga cikin malamai biyu da suka rubuta tafsirin Jalalaini da ake karanta mana kowane azumi.

A Jami'ar Asyut ya koyar, ya karɓi haihuwa, ya yi tiyata, ya kuma shugabanci tsangayar likitanci daga 1978 zuwa 1986. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke shi aiki a Janeba, inda ya zama daraktan shirinta na musamman na bincike kan haihuwar ɗan'adam daga 1989 zuwa 1992. Shirin nan, wanda aka kafa a 1972, yana daga cikin manyan aikinsa gwada hanyoyin tazarar haihuwa a ƙasashe daban-daban domin a san amfaninsu da illarsu. Daga 1994 zuwa 1997 shi ne shugaban tarayyar ƙungiyoyin likitocin mata ta duniya. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabonta ta harkar yawan al'umma. Ya rasu a watan Nuwamba na 2023 yana da shekara 88. Allah ya gafarta masa.

Duk waɗannan muƙamai ba su ne suka ja hankalina ba. Wani ɗan gajeren labari ne da ya riƙa bayarwa a tarukan likitoci tun tsakiyar shekarun 1980, wanda daga baya aka mayar da shi majigin koyarwa. Labarin wata mata ce da ya sakaya sunanta da harafin X. Mu a Hausa sai mu kira ta Wance.

Hanyar mutuwa da mafitarta

Wance ta mutu tana naƙuda a wani ƙaramin asibiti. Likita ya rubuta dalili: zubar jini, saboda mabiyiya ta tare bakin mahaifa. Aka rufe takardarta. Fathalla ya ce a sake buɗewa. Da aka buɗe sai aka ga an sha wahalar sa'o'i huɗu kafin a kawo ta asibiti, jinin da aka samu aka ƙara mata rabin lita ne kacal, kuma an yi jinkirin shiga da ita tiyata. Ashe da an sami jini da gaggawa da wataƙila ta tsira. Aka sake rufewa, ya ce a sake buɗewa. Sai aka ga tun a watan ƙarshe na cikin ta riƙa ganin jini kaɗan-kaɗan, tana kuma da ƙarancin jini tun da daɗewa, amma ba ta taɓa zuwa awo ba. Aka sake buɗewa. Sai aka ga shekarunta 39, ta haihu sau bakwai, 'ya'ya biyar suna raye, ita da kanta ba ta so wannan cikin ba, amma ba ta taɓa samun hanyar hutawa ba. Aka sake buɗewa a karo na ƙarshe, sai aka ga matar talakan manomi ce, ba ta iya karatu ba, tun tana yarinya ba ta sami wadataccen abinci ba.

To me ya kashe Wance? Duk amsoshin nan gaskiya ne. Fathalla ya kwatanta abin da wata doguwar hanya da mace ke hawa tun tana ƙarama, ƙarshenta kabari, amma a gefenta akwai mafita a wurare da yawa: ilimi da abinci, tazarar haihuwa, awon ciki, mota da jini da tiyata a kan lokaci. Wance ta tarar da kowace mafita a toshe. Lura da kyau, mai karatu: bai ce tazarar haihuwa ita kaɗai ce magani ba. Ƙofa ɗaya ce daga cikin ƙofofi. Amma ƙofa ce, kuma wanda ya toshe ta da gangan yana da tambayar da zai amsa.

A wancan lokaci ana ƙiyasta cewa kimanin mata rabin miliyan ne ke mutuwa duk shekara sanadin ciki da haihuwa, kusan dukansu a ƙasashe matalauta. Fathalla yana cikin waɗanda suka assasa yunƙurin haihuwa lafiya da aka ƙaddamar a Nairobi a watan Fabrairu na 1987. Maganarsa da ta fi shahara, ma'anarta ita ce: ba rashin sanin magani ke kashe waɗannan mata ba, al'ummarsu ce ba ta riga ta yanke shawarar cewa ransu ya cancanci a cece shi ba. Da na karanta wannan sai na tuna tabarmar ƙofar gidanmu.

Abin da malamai suka riga suka warware

Mu fara da ƙaddara. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya yanke hukuncin komawa. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ke da zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefen da ya bushe. Duk inda ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora. Wannan ita ce fahimtar magabata. "Kwananta ya ƙare" magana ce ta haƙuri bayan abu ya faru. Ba hujja ba ce ta sakaci kafin ya faru.

Sai hukuncin tazarar kanta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (RA) cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin da Alƙur'ani yake sauka, kuma ba a hana su ba. Akwai wani hadisi a Muslim da ya kamanta azalu da ɓoyayyen binne 'ya'ya da rai, wanda ya sa wasu malamai suka karhanta shi, Ibn Hazm kuwa ya hana. Amma mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun halatta, da sharaɗin yardar matar, domin tana da haƙƙi a jin daɗi da kuma samun ɗa. Wannan sharaɗi shi ne abin da aka sani a mazhabar Imam Malik da muke bi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya tattauna mas'alar a cikin Ihya'u, har ya lissafa kiyaye lafiyar mace da tsoron haɗarin naƙuda a cikin niyyoyin da ba su da laifi.

Alƙur'ani da kansa ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci wata talatin na ciki da yaye a aya ta 15 ta Suratul Ahƙafi, ya kuma siffanta ɗaukar ciki da rauni a kan rauni a Suratu Luƙman. Kakanninmu ma sun san wannan. Shi ya sa Hausa take da kalmomi irin su rurrutsa da kwanika ga cikin da ya shiga alhali ana goyo, kuma ba kalmomin yabo ba ne. A 1988 masana da suka taru a Bellajiyo ta Italiya suka tabbatar da cewa macen da ke shayar da nono zalla, jinin al'ada bai dawo mata ba, jaririnta bai wuce wata shida ba, tana da kariyar da ta kai kashi 98 cikin ɗari daga ɗaukar ciki. A 2005 kuma wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Shekara biyu ke nan. Allahu Akbar.

A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta fitar da matsaya mai sassa uku. Na farko, bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba. Na biyu, haramun ne kashe ikon haihuwa gaba ɗaya ga namiji ko mace, sai da larurar da shari'a ta yarda da ita. Na uku, ya halatta a jinkirta ciki na wani lokaci idan akwai bukatar da shari'a ta amince da ita, bisa shawara da yardar miji da mata, muddin babu cutarwa, hanyar halal ce, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Wato malamai sun raba tsakanin ƙayyade iyali da tazarar haihuwa. Saurayin nan na wurin makoki ya haɗa su ne a kwando ɗaya ya yi jifa da su.

Zargin yana da tushe

Duk da haka ba zan yi masa rashin adalci ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tarihin shirye-shiryen rage yawan jama'a yana da baƙaƙen shafuka. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane, akasarinsu talakawa maza, aikin hana haihuwa bisa tilas ko matsin lamba. A Sin an ɗauki fiye da shekara talatin ana tilasta dokar ɗa ɗaya, har zuwa ƙarshen 2015. A Peru, a rabin ƙarshe na shekarun 1990, an ɗaure wa mata fiye da dubu ɗari biyu mahaifa, da yawansu ƙauyawa ne da ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. A gida kuwa, ba mu manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya kai ga shari'a da biyan diyya. Tsoron da ya sa aka dakatar da allurar shan-inna a Kano a 2003 bai faɗo daga sama ba, ko da yake zargin cewa tana hana haihuwa bai tabbata ba, kuma yara da yawa sun nakasa a sanadin dakatarwar.

Abin tambaya shi ne, me mai hankali zai yi da zarginsa? Hanya biyu ce. Ko dai ya zauna a gefe yana tsinuwa, wasu su ci gaba da yanke shawara a kan matarsa da 'yarsa ba da shi ba, ko kuma ya nemi ilimin, ya shiga ɗakin bincike, ya zauna a teburin da ake yanke shawarar. Fathalla hanya ta biyu ya bi, kuma wannan shi ne babban darasin rayuwarsa a wurina.

Ya tarar da fagen cike da masu lissafin alƙaluma, waɗanda damuwarsu ita ce yadda za a rage yawan haihuwa a ƙasa kaza zuwa adadi kaza. Ya soki wannan a fili. Ya riƙa nanata cewa an mayar da mata hanyar cimma buri, alhali su ya kamata su zama burin. Tun a ƙarshen shekarun 1980 ya gabatar da ma'anar lafiyar haihuwa da ta haɗa abubuwa da yawa wuri ɗaya: mutum ya iya haihuwa in yana so, ya iya tsara ta, mace ta ɗauki ciki ta sauka lafiya, jariri ya rayu, ma'aurata su tsira daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. A wannan ma'ana, matar da ta shekara goma tana neman haihuwa ba ta samu ba, haƙƙinta a kan likita daidai yake da na wadda take neman hutu. Shirin da ya jagoranta ma ya yi bincike kan rashin haihuwa, har wani nazarinsa da aka buga a 1985 ya nuna cewa a Afirka toshewar hanyoyin ƙwai sanadin cututtuka shi ne babban dalilinsa ga mata. Ya kuma yi kira a riƙa tambayar mata irin hanyar da suke so kafin a ƙirƙiro ta, maimakon a ƙirƙiro sannan a tallata musu.

Wannan tunani ya yi tasiri a babban taron yawan al'umma da aka yi a Alƙahira a watan Satumba na 1994, inda ƙasashe 179 suka amince da a daina sanya adadin da za a cimma a matsayin ma'auni, a koma ga lafiya da zaɓin ma'aurata ba tare da tilas ba. Taron ya sha suka. Azhar ta yi raddi ga wasu sassan daftarin, Saudiyya da Sudan suka ƙaurace. Ƙasashen Musulmi da suka halarta kuwa sun yi jayayya a kan kalmomi, kuma takardar ƙarshe ta fito ɗauke da sharaɗin girmama addini da al'adun kowace ƙasa wajen aiwatarwa, da bayanin cewa ba za a tallata zubar da ciki a matsayin hanyar tsara iyali ba. Ban ce duk abin da ke cikin takardar, ko duk abin da Fathalla ya rubuta, ya dace da fahimtar malamanmu ba. A batun dokokin zubar da ciki, alal misali, mazhabar Malikiyya tana da tsanani, kuma ni a nan nake. Amma wanda ya halarta ya gyara wani abu. Wanda ya ƙaurace bai gyara komai ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

A Masar, a 1980, kimanin kashi 24 cikin ɗari na matan aure ne ke amfani da wata hanyar tazara. A 2000 sun kai kashi 56. Binciken ƙasa da aka yi a 1992 zuwa 1993 ya gano mata 174 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000; da aka maimaita a 2000 sai aka tarar adadin ya sauko zuwa 84. Ba tazara kaɗai ta kawo wannan ba, an gyara asibitoci, an horar da ma'aikata, an ƙara yawan masu haihuwa a hannun ƙwararru. Kuma Masar ba ta ƙare ba: yawan jama'arta ya haura miliyan 100 a 2020. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2008 kaɗai, amfani da hanyoyin tazara ya kare kimanin mata 272,000 daga mutuwar haihuwa a duniya.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kowane ciki yana cin jinin mace da ƙarfinta. Idan wani ya shiga kafin ta murmure, da rance take shiga naƙuda. Mahaifar da ta ɗauki ciki sau da yawa kuma ba ta cika tsukewa da ƙarfi bayan haihuwa ba, tsukewar nan kuwa ita ce ke tsayar da jini. Shi ya sa haihuwa ta tara ba ɗaya take da ta biyu ba.

Mu fa? Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya nuna mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya sanadin ciki da haihuwa, kuma kusan 75,000 daga cikinsu a Nijeriya ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, kimanin mata 200 kowace rana. Binciken lafiyar al'umma na 2023 zuwa 2024 ya nuna kusan mace ɗaya cikin matan aure biyar a Nijeriya tana son ta huta ko ta tsaya amma ba ta amfani da kowace hanya. Kuma ba yau aka fara gaya mana ba. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya buga sakamakon a 1985, ya nuna cewa mutuwar ta fi aukawa matan da ba su yi awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su, da ƙananan 'yan mata, da masu haihuwa da yawa, da waɗanda ba su yi karatu ba. Wance ce dai, sanye da zanen Zazzau.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce, ai Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da auren mace mai haihuwa domin zai yi alfahari da yawanmu. Gaskiya ne. Shi ɗin ne kuma ya yi gargaɗin zamanin da za mu yi yawa amma mu zama kamar kumfar da ambaliya ke ɗauka. Kuma uwar da ta mutu a haihuwa ta tara ba ta ƙara wa al'umma yawa ba. Marayu ta bari, kuma jaririn da ya rasa uwa shi ya fi kowa shiga haɗarin bin ta.

Wani zai ce, Allah ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, a Suratul An'am da Suratul Isra'i. Haka ne, kuma arzikin kowa yana wurin Allah. Sai dai jinkirta ciki ba kisa ba ne, domin babu ran da aka halitta tukuna. Da kisa ne da ba a bar sahabbai suna azalu ba. Kuma maganata a nan ta jini ce da rai, ba ta tuwo ba.

Wani zai ce, waɗannan magunguna suna buɗe ƙofar alfasha. Ni maganar ma'aurata nake yi, kamar yadda malaman Kuwait suka yi. Ba a hana sayar da wuƙa don wani ya yi ta'asa da ita.

Wata kuma za ta ce, magungunan suna da illa. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi, kuma 'yar'uwa tana da gaskiya. Allura da ashanar fata suna iya rikita jinin al'ada, allurar kuma tana iya jinkirta dawowar haihuwa na watanni bayan an daina. Robar mahaifa tana iya ƙara yawan jini ga wasu. Wasu ƙwayoyin ba su dace da mai hawan jini ba. Rikicewar jini kuwa ga Musulma ba ƙaramin abu ba ne, domin ya shafi sallarta da azuminta da zamanta da mijinta. Wa zai zauna ya bincika wace hanya ce ta fi dacewa da matanmu, masu fama da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro? Wa zai haɗa likita da malamin fiƙihu su fayyace mata haila da istihala a wannan hali? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Illar magani dalili ce ta ƙara bincike, kuma binciken namu ne.

Farali na kifaya

Imam Gazali ya koka a farkon Ihya'u cewa a zamaninsa akwai garuruwan da ba su da likita Musulmi ko ɗaya, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani da jayayya, ga shi kuwa likitanci farali ne na kifaya. Shekara ɗari tara sun shige, kukan nan bai tsufa ba. Mun iya kwana muna musu a kan abin da malamai suka riga suka warware, 'yan'uwanmu mata kuwa suna mutuwa a kan abin da ba wanda ya tashi ya warware.

Saboda haka kirana ga matasa uku ne. Kai ɗalibi, ke ɗaliba, mai karatun likita ko jinya ko unguwarzoma ko haɗa magunguna ko ƙididdiga: kada ku ɗauki wannan fage a matsayin na wasu. Ku shige shi da aƙidarku da iliminku, ku ƙirga matattunmu, ku gano sababi, ku rubuta, ku zauna inda ake tsara manufa, ku ce a'a a inda ya saɓa wa shari'a, ku ce i a inda ya ceci rai. Kai mai shirin aure ko sabon ango: ka sani jikin matarka amana ne, ka raka ta awo, ka ji abin da likita ya ce da kunnenka, ka tanadi mota da mai ba da jini tun kafin watan haihuwa, kuma in ta ce ta gaji ka saurare ta. Shari'a ta sharɗanta yardarta kafin azalu. Ba ta mayar da ita gona marar baki ba. Kai kuma mai wa'azi: kafin ka ce haramun a kan mumbari, ka karanta abin da Malik da Gazali da Majalisar Fiƙihu suka ce, domin wata tana bayan labule tana ji, kuma da maganarka za ta yi aiki.

Jaririyar da 'yar'uwata ta bari tana hannun kakarta, ta fara rarrafe. Sunan mahaifiyarta aka mayar mata. Wata rana za ta tambaye mu me ya kashe uwarta. Za mu ce mata kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya muka faɗa. Ina fatan a ranar za mu iya ƙara mata da abin da muka gyara bayan haka.

Allah ya jiƙan matanmu da suka rasu a kan gwiwa, ya karɓi shahadarsu, ya raya abin da suka bari. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararsa. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.